Yadda Ake Tsefe Tarihin Yaƙin Mamaya Kafin Rubutu ko Sharhi a Kansa

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna da aka ba aikin rubutu, da malamin sakandare da zai koyar da Yaƙin Duniya na Biyu, da wanda aka gayyata gidan rediyo ya yi fashin baƙi kan Rasha da Yukiren, duk abu ɗaya ke damunsu. Labari ya yi yawa, kuma kowane ɓangare ya riga ya shirya nasa tun kafin a harba harsashin farko. Ga tsarin aikin da ke raba abin da ya faru da abin da aka ce ya faru, kuma bin sa daki-daki yana da muhimmanci, don wanda ya fara da tambayar "wa ke da gaskiya" ba ya ƙara ganin komai sai abin da ya dace da amsarsa.

Fara da ranaku

Ka sami littafin rubutu mai faɗi, ka raba shafi gida huɗu: rana, abin da ya faru, wanda ya faɗa, da inda ka samo. Ranaku 15 zuwa 20 sun isa yaƙi ɗaya. Kada ka fara daga ranar da sojoji suka tsallaka iyaka, ka koma baya aƙalla shekara biyu.

Ɗauki Kuwaiti. Sojojin Saddam Husaini sun shiga ranar 2 ga Agusta 1990, amma jadawalin da ya fara daga nan gurgu ne. Layin farko shi ne 1988, shekarar da yaƙin Iraƙi da Iran ya ƙare bayan shekara takwas, ya bar Iraƙi da tulin bashi, har da kimanin dala biliyan 14 na Kuwaiti. Sai ƙorafin Bagadaza cewa Kuwaiti na haƙo mai fiye da kason da OPEC ta ba ta har farashi ya faɗi, da zargin tana zuƙe man rijiyoyin Rumaila da ke kan iyaka. Daga nan ne 2 ga Agusta, sai 29 ga Nuwamba da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Iraƙi wa'adin ficewa zuwa 15 ga Janairu 1991, sai 17 ga Janairu da aka fara luguden wuta ta sama, 24 ga Fabrairu da sojojin ƙasa suka kutsa, da 28 ga Fabrairu da aka tsagaita wuta.

Inda aka fi yin ɓaranɓarama shi ne haɗa yaƙin 1991 da na 2003 a mayar da su ɗaya. Wanda ya yi haka a gaban masu sauraro ya zubar da sauran maganarsa, don a na farko Iraƙi ce ta mamaye maƙwabciyarta, a na biyu ita aka mamaye.

Hujjar da aka bayar daban, dalili daban

Ba a taɓa yin mai mamaya da ya ce ya zo mamaya ba. Ka buɗe sabon shafi ka rubuta hujjar da ya furta da bakinsa, da ranar da ya furta ta, sannan ka bi ta ka ga ko ta tsaya da ƙafarta. Hujjojin ba su da yawa, maimaita su ake yi.

Akwai "su suka fara". Daren 31 ga Agusta 1939 jami'an Jamus suka yi shigar 'yan Poland suka kai hari gidan rediyon Jamus a garin Gleiwitz, washegari Hitila ya afka wa Poland. Akwai "gayyatar mu aka yi". Tarayyar Sobiyet ta ce gwamnatin Afganistan ce ta kira ta a Disamba 1979, alhali sojojinta ne suka kashe shugaban ƙasar, Hafizullah Amin, ranar 27 ga watan, suka ɗora Babrak Karmal. Saddam ma da farko cewa ya yi 'yan juyin juya halin Kuwaiti ne suka nemi agaji, amma kafin Agusta ya ƙare ya ayyana ƙasar a matsayin lardin Iraƙi na 19. Akwai kuma "haɗari na tafe". Ranar 5 ga Fabrairu 2003 sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna a Kwamitin Sulhu da hotuna da faifan murya yana cewa Iraƙi na ɓoye makaman ƙare dangi. An shiga ranar 20 ga Maris, an bincika, ba a sami tarin makaman ba.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka duba ko hujjar ta sauya bayan an shiga. In aka fara da makamai aka koma maganar dimokuraɗiyya, ko aka fara da kare farar hula aka ƙare da sauya gwamnati, ka rubuta ranar da harshe ya juya. Ɓangaren da aka zalunta ma ba a ɗaukar maganarsa ido rufe. A Oktoba 1990 wata yarinya 'yar shekara 15 ta ba da shaida a gaban 'yan majalisar Amurka cewa ta ga sojojin Iraƙi na fitar da jarirai daga kwalaben jinya a asibitin Kuwaiti. Daga baya ta bayyana 'yar jakadan Kuwaiti ce a Amurka, kuma ba a tabbatar da labarin ba. Mamayar gaskiya ce, labarin ne aka shirya.

Abin da doka ta ce

Nan ne masu sharhi suka fi rauni, kuma nan ne aikin ya fi sauƙi, don takardun duk suna intanet kyauta, cikin harsuna shida har da Larabci. Wanda ya yi Islamiyya ya iya Larabci sosai yana iya karanta su ba tare da Turanci ba.

Sashe biyu na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya za ka riƙe. Sashe na 2, sakin layi na 4, ya hana ƙasa amfani da ƙarfi ko barazana a kan yankin wata ƙasa ko 'yancinta. Sashe na 51 ya ba ƙasa damar kare kanta in an kai mata hari, ƙofa ta farko ke nan da ke halatta amfani da ƙarfi. Ƙofa ta biyu ita ce izinin Kwamitin Sulhu ƙarƙashin Babi na 7. Kwamitin na da mambobi 15, ƙuduri na buƙatar ƙuri'a 9, kuma ko ɗaya daga cikin Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa ya hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Ƙauracewa ƙuri'a ba naƙi ba ne, kuma ɗalibai da yawa na rikita su.

To, sai ka nemo lambar ƙudurin ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da taƙaitawar jarida. Ƙuduri na 678 na 1990 ya ba da izinin ɗaukar duk matakin da ya wajaba don fitar da Iraƙi daga Kuwaiti: ƙasashe 12 suka amince, Kuba da Yaman suka ƙi, Sin ta ƙaurace. Ƙuduri na 1441 na Nuwamba 2002 ya gargaɗi Iraƙi da mummunan sakamako amma bai ce a kai hari ba, shi ya sa Amurka da Birtaniya suka nemi ƙuduri na biyu, da suka ga ba za su samu ba suka janye shi suka tafi yaƙi haka nan. Tazarar da ke tsakanin waɗannan takardu biyu ita ce rabin muhawarar 2003.

Libiya ta fi wuya, kuma ita ta fi shafar mu. Ƙuduri na 1973 na 17 ga Maris 2011 ya ba da izinin kare farar hula da hana shawagin jirage, ya kuma haramta girke sojojin mamaya. Ƙasashe 10 suka amince, ciki har da Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Barazil. Ka ajiye takardar gefe ɗaya, ka ajiye jadawalin hare-haren NATO har zuwa kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba a ɗaya gefen, ka tambayi kanka a wane wata aikin ya wuce abin da aka rubuta. Masana na saɓani a kan amsar, amma tambayar ke nan.

Kada ka ɗauki ƙuri'ar Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin umarni. Ranar 2 ga Maris 2022 ƙasashe 141 suka la'anci shigar Rasha Yukiren, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Tana nuna inda duniya ta karkata, amma ba ta tilasta wa kowa komai.

Taswira da awo

Buɗe Google Maps ka auna, sannan ka mayar da awon zuwa wuraren da mai sauraronka ya sani. Kuwaiti ba ta kai rabin Jihar Kaduna ba, shi ya sa aka cinye ta cikin kwana biyu. Iraƙi ta kusan rabin Najeriya. Yukiren ta kusan kashi biyu cikin uku na Najeriya. Daga iyakar Kuwaiti zuwa Bagadaza ya haura kilomita 500, ya fi zuwa Kano daga Kaduna da dawowa, kuma kowace litar mai da kowane buhun abinci sai ya bi wannan hanya a bayan tankoki.

Galibi nan ake gane dalilin nasara ko faɗuwa. A Maris 2022 ayarin motocin sojan Rasha mai tsawon kimanin kilomita 60 ya cije a arewacin Kiyef, babban birnin Yukiren, ga ƙarancin mai, ga taɓon ƙarshen hunturu da ya hana sauka daga kwalta, ga kwanton ɓauna. Kafin farkon Afrilu sun janye daga yankin. Ka duba lokacin shekara, da gadoji, da tashar jirgin ruwa mafi kusa, da maƙwabciyar da ta buɗe iyakarta da wadda ta rufe. Majalisar Turkiyya ta hana Amurka bi ta ƙasarta a Maris 2003, abin da ya tilasta kusan dukkan farmakin ƙasa ya taso daga kudu.

Kada ka tsaya ranar da babban birni ya faɗi

Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilu 2003, mako uku da fara yaƙi. Yawancin rubuce-rubucen ɗalibai nan suke rufe littafi, alhali nan labarin ya fara. Ka ƙara shekara goma a jadawalinka. A Mayu 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya gudanar da Iraƙi, ya sa hannu a umarni biyu, ɗaya ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as ta Saddam daga aikin gwamnati, ɗaya ya rushe rundunar sojan Iraƙi, dubban ɗaruruwan mutane masu horon bindiga suka wayi gari ba albashi. Amurka ta janye a Disamba 2011, birnin Mosul ya faɗa hannun ƙungiyar IS a Yuni 2014.

Akwai lissafin da masu nazarin soja ke amfani da shi: riƙe ƙasar da aka mamaye na buƙatar jami'an tsaro kusan 20 ga kowane mutum 1,000. Iraƙi na da mutane kusan miliyan 25 a lokacin, ke nan rabin miliyan, kuma dakarun da suka shiga ba su kai rabin haka ba. Ba doka ba ce, ma'auni ne kawai, amma gwada shi a kan Afganistan na Sobiyet daga 1979 zuwa 1989, ko na Amurka daga 2001 zuwa 2021, ka ga abin da zai nuna maka.

Ka kuma bi makaman da mayaƙan. Bayan Gaddafi, Azbinawan da suka yi masa aiki suka koma arewacin Mali da makamai, tawaye ya ɓarke a Janairu 2012, sojoji suka yi juyin mulki a Bamako a Maris, Kidal da Gao da Tumbuktu suka faɗi, Faransa ta shiga a Janairu 2013. Mai sauraro a Birnin Gwari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da yawon bindigogi a Sahel ke nufi, amma kada ka ce kowace bindigar da ke dajinmu daga Libiya ta zo sai kana da shaida.

Alƙaluman mamata

Kada ka taɓa faɗin adadi ba tare da faɗin wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga ba. A Oktoba 2006 wani bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta mutuwar kusan mutum 655,000 a Iraƙi sakamakon yaƙin, ta hanyar bin gidaje da tambayoyi sannan a faɗaɗa lissafin. A daidai lokacin ƙungiyar Iraq Body Count, mai ƙirga farar hular da aka ba da rahoton kashe su kawai, tana wajen 50,000. Abu biyu daban suke aunawa. Ka faɗi duka biyun, ka raba soja da farar hula, ka raba wanda harsashi ya kashe da wanda rashin asibiti ya kashe. Adadin da wani ɓangare ya bayar na asarar abokin gabarsa, ka sa masa alamar tambaya kai tsaye.

Bidiyon da ke yawo a WhatsApp kuma, ka ɗauki hoton wani ɓangarensa ka sa a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar na Siriya ne na shekarun baya, ko ma wasan kwamfuta ne.

Inda za ka nema a Kaduna

In batun ya taɓa Najeriya, kana da abin da ɗalibin Legas zai yi tafiya ya nema. Gidan Arewa da ofishin Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna na riƙe da takardun zamanin Turawa, inda za ka bi mamayar da ta fi kusa da mu: faɗuwar Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, da Burmi a Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ka gwada matakan nan duka a kanta, har da hujjar hana cinikin bayi da Gwamna Lugga ya riƙa kafawa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, na nuna yadda aka gabatar wa Bahaushe yaƙin Hitila lokacin da ake ɗibar samari zuwa Habasha da Bama, sai dai ka tuna jaridar hukuma ce a lokacin. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makarantarka da katin shaida, ka rubuta lambar kowane fayil kafin ka mayar da shi, don ba tare da ita ba malaminka ba zai karɓi abin da ka kwaso ba.

Abu na ƙarshe ya shafi aji da rediyo a gari irin namu, inda ake saurin karanta yaƙin waje da tabaran addini. Jerin sunayen ƙasashe ne maganinsa. A 1991 Saudiyya da Masar da Siriya suna cikin waɗanda suka yaƙi Saddam, Nijar da Senegal ma sun tura sojoji. Iran da Iraƙi duk ƙasashen Musulmi ne. Rasha da Yukiren mafi yawansu Kiristocin Otodoks ne. Ka karanto wannan jerin a minti biyun farko na shirin, kafin a buɗe layin waya.