Babi Na Tara: Zaɓen Rediyon Jin Sanarwar Gaggawa

Darasi na 1: Haruffan da ke jikin rediyo

Mu da ke zaune kusa da kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo da Kafin Hausa, mun san abin da Agusta da Satumba kan zo da shi. In madatsar ruwa ta Tiga ko ta Challawa ta tumbatsa, ruwan mu yake nufowa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an ba shi labari ba. Gargaɗin hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, a rediyo muka fi jin sa, don haka kada ku sayi rediyo don kyawun launinta.

Ku ɗauke ta a hannu, ku nemi haruffan nan: FM, AM, SW. FM ta tashoshin kusa ce, muryarta tas. AM, wadda wasu rediyoyin ke rubutawa MW, ita ce matsakaicin zango, tana cin nisa, musamman da dare. SW gajeren zango ne, inda ake kama tashoshin ƙasashen waje. Mutumin ƙauye ya nemi mai FM da AM duka.

In mai shago ya ce za ta kama hirar 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana a oba-oba, kada ku yarda. Nasu zangon daban ne, rediyon gida ba ta kai can.

Darasi na 2: Ɗan maɓallin gefe

A nan kowa yake tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai ɗan maɓalli da ake turawa tsakanin FM da AM da SW. Shi ake fara taɓawa. Kafin ku murɗa komai, ku dubi maɓallin.

Mu gwada da Freedom Radio, 99.5 a FM. Ana karantawa: casa'in da tara, ɗigo, biyar. Tura maɓallin zuwa FM. Zaro eriya duka. Sannan ka murɗa abin neman tasha a hankali, idonka a kan layin da aka rubuta FM a farkonsa, mai lambobi daga 88 zuwa 108. Tsaya dab da 100.

Ba ka ji komai ba sai shuu? Kada ka girgiza ta, Baba. Dubi maɓallin. Yana kan FM? Inna, ke ma duba naki. Madalla, haka ake yi.

Yanzu tura shi zuwa AM. Muryar ta ɓace, ko? Rediyon lafiyarta ƙalau, layi ka sauya. Mayar da shi FM. Ga ta nan ta dawo. Yi haka sau biyar.

Na faɗa a aji har muryata ta dushe, amma makon jiya wani dattijo ya mayar wa mai shago sabuwar rediyo wai ta lalace, alhali jikansa ne ya ture maɓallin zuwa SW. Haba jama'a! Ranar da ruwa ya taho da tsakar dare ba ranar koyo ba ce. Maɓalli tukuna, sannan eriya, sannan murɗawa. Ku faɗa da baki. Maɓalli tukuna.

Darasi na 3: Batir

Mai caji kaɗai ba ta wadatarwa inda babu wuta, mai sola kuma kan gaza in hadari ya rufe rana kwana da kwanaki. Ku zaɓi wadda ke cin batir ma. Ku ajiye sababbi biyu a leda. Ku sa mai shago ya kunna ta a gabanku kafin ku biya, kuma ku tura maɓallin da hannunku.

Darasi na 4: Lambar gaggawa

Rediyo ji kawai ake yi da ita. Neman agaji sai da waya: 112, kyauta ne. Ku rubuta ta sau goma a littafinku.