Yadda ake raba gonar gado ba tare da an ci rabon mata ba

Shekara tara na riƙe gandun mahaifinmu bayan rasuwarsa, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ina noma, ina girbi, idan kaka ta yi in aika wa ƙannena mata kwano goma-goma na gero, har ina jin kaina mai zumunci. Ban taɓa buɗe baki na ce ba za a raba ba. Abin da nake cewa kawai, a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, in ce a bari a kai amfani gida. An kai, in ce ƙanena yana ci-rani a Legas, a jira shi. Da haka ake cin gadon mata a wajenmu, ba da faɗa ba. Don haka wannan rubutu nawa na manyan yayye ne irina, waɗanda mabuɗin rumbu ya faɗo hannunsu.

Fara da sa rana, kuma ka sa ta tun mutanen zaman makoki ba su gama watsewa ba. Ranar sadakar arba'in dangi na nesa suna nan, ita ce ta fi dacewa a tsayar da magana ko da ba a ranar za a raba ba. Abu ɗaya ne na sani da ke tsayar da rabo a mazhabarmu ta Malikiyya: idan ɗaya daga cikin matan mamacin tana da ciki, a jira ta haihu. Takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta hana a yi lissafi. In akwai shuka a ƙasa, a raba amfanin bayan girbi da lissafin da za a raba gonar.

Jinkiri yana da tsada, ni na biya. A shekara ta takwas ƙanwata ta tsakiya ta rasu wajen haihuwa, ba ta taɓa taka rabonta ba. Da muka zo rabo sai liman ya ce gado biyu za a yi: nata ya fita daga na Baba, sannan a raba shi. Mijinta ya ɗauki rubu'i, mahaifiyarta sudusi, sauran na 'ya'yanta. Surukin da ko gaisuwar kirki ba ma yi, ga shi zaune a tabarma ɗaya da ni yana da haƙƙi a fadamar ubana. Ba abin da ya fi ci mini rai kamar tuna cewa ita mai haƙƙin ta sha zuwa aron kuɗin magani wajena.

Kafin a taɓa rabo, a ware abin da ba na mamaci ba ne. Nan ake fara zaluntar matan gida. Awakin da Inna, abokiyar zaman mahaifiyata, ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli suna turke ɗaya da na Baba, har ƙanena ya lissafa su cikin gado. Kayan ɗakin mace nata ne, dabbobinta nata ne, gonar da ta gada daga gidansu mijinta yana noma mata ita ma tata ce. Shiga ɗaki ka tambayi kowace, ka rubuta. Daga nan sai kuɗin jana'iza, sai bashi. Sadakin da ba a gama biya ba bashi ne, haka kuɗin da miji ya ranta wajen matarsa ya sayi taki, ko da ba wanda ya sani sai su biyu da wata maƙwabciya. Gonar da ke jingina a fanso ta. Bayan bashi sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa mai gado sai in sauran magada sun yarda.

Sai ƙidayar magada. Kada ka yi ta da ka, ka yi ta a gaban tsohuwar da ta fi kowa sanin auren gidan, mu gwaggonmu ce. 'Yar da aka haifa da matar da aka saki shekara talatin da suka wuce, tana aure can Gumel ko Maigatari, rabonta daidai yake da na 'yar da ta yi jinyar uban. Matar da aka yi wa saki ɗaya, miji ya rasu tana cikin idda, tana gado. Agola da ɗan riƙo ba sa gado komai daɗewarsu a gidan.

Lissafin kansa ba shi ne mai wuya ba. Yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma duk almajirin da ya kai ƙarshen Risala ya karanta babinsa. Namu ya zo da sauƙi: mata biyu, maza biyu, 'ya'ya mata uku, iyayen Baba sun riga shi. Tunda akwai 'ya'ya, matan aure suna da tumuni, ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu. Sauran bakwai na 'ya'ya, namiji biyu mace ɗaya. Aka kasa dukiyar 16: kowace matar aure 1, kowane namiji 4, kowace 'ya 2. A ce bayan bashi an yi wa komai kuɗi naira miliyan 8, matan aure 500,000 kowace, maza miliyan 2 kowanne, 'ya'ya mata miliyan ɗaiɗai. In da mahaifiyar mamaci tana raye da ta ɗauki sudusi tukun, lissafin ya canza. Shi ya sa ko ka iya, ka kira wanda ya fi ka, kuma wanda ba ya cin tuwon gidanka.

Ɗana da ke karatun lauya a Kano yana yawan kawo mini muhawarar da suke yi a kan wannan biyu da ɗaya. Ya ce sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda mutum namiji ne ko mace, kuma a 2014 Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta. Shi wannan kundin ne kuma ya bar gadon Musulmi a hannun kotunan Shari'a. Nakan saurare shi, in ce malamanmu sun faɗi dalili: namiji ne aka ɗora wa sadaki da ciyarwa, har da ɗaukar 'yar'uwarsa in aurenta ya mutu. Amma wan da ya karɓi biyun ya ƙi ɗaukar nauyin fa? Kuma a ƙauyenmu ba a kai ga gardamar biyu da ɗaya ba tukuna. Ɗayan ma ba ya isa hannunta.

Inda aka fi yin wayo shi ne wajen ƙima. Gona ba ɗaya ba ce. Muna da jigawa a arewacin gari, rairayi zalla, sai gero da riɗi in an yi sa'ar ruwa. Muna da fadama ta wajen kogi, ana shinkafa da damina, da rani a sa injin ban-ruwa a yi tumatir da albasa. Taki ɗari a fadama ya fi taki ɗari uku a jigawa. Dabarar yayye ita ce a auna fili da igiya a ce kowa ya samu daidai faɗinsa, alhali an tura mata rairayi, maza sun zauna a dausayi. Hanyar da ta fi tsabta, kowace gona a raba ta ita kaɗai, kowa ya samu a fadama ya samu a tudu. In ta yi ƙanƙanta da yawa, a samo dattawa biyu ko uku da suka san farashin gona a yankin, ba magada ba, ba surukai ba, su yi mata kuɗi a bainar jama'a. Itatuwa ma dukiya ne. Ɗorawa biyu da kuka ɗaya da ke gonarmu sai da aka yi musu kuɗi daban, don kalwa da miyar kuka na shekara ba ƙaramin abu ba ne a hannun mace. Haka shanun huɗa, garma, amalanke, da damman da ke rumbu.

Da aka yanka kason, kuri'a muka yi. Liman ya rubuta sunaye a guntayen takarda ya zuba a hularsa, aka kira wani yaro da ke wucewa da tallan rake ya riƙa zarowa. Kason da ke bakin rijiya, wanda na shekara tara ina zuba wa taki, ya faɗa wa autarmu. Na haɗiye yawu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ranar rabo, matan su zo da kansu. Kada ka yarda da "mijinta ya wakilce ta" ko "ta aiko ta ce duk abin da aka yi daidai ne". In kulle ne, a shimfiɗa musu tabarma a soro ko bayan zana inda za su ji komai, a tambayi kowace da bakinta. Kuma za ka ji abin da na ji. Babbarsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ni na bar muku, me zan yi da gona?" Har na fara murna a zuci. Liman ya ce, "Ba a kyauta da abin da ba a riƙe ba. Tashi mu je ki ga iyakarki." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ta yafe." Ya ce in ta kwana bakwai da takardarta a hannu ta dawo ta ce ta ba ni, shi zai zama shaida. Ba ta dawo ba. Kunya ce ta yi magana a bakinta, da tsoron kada ranar da ta yi yaji ta tarar da ƙofar gidan ubanta a rufe. Mace tana sayen wurin komawa da gadonta, mu kuma muna karɓa muna kiransa zumunci.

A je gonar a ranar, kowa ya tsaya a kan nasa. A kafa turaku, da damina a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan iyaka. A rubuta takarda: sunan mai kaso, tsawo da faɗi, maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa. Liman da mai unguwa da shaidu su sa hannu, a kai wa dagaci ya buga hatimi. Kowace ta riƙe tata, ba a tara su a akwatin babban wa ba, a kuma ɗauki hotonsu a waya saboda gara. Wadda ke son ƙarin ƙarfi ta nemi takardar mallaka a ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da ita a filayen karkara. In wani ya tubure, kowane mai gado, mace ko namiji, yana iya kai ƙara kotun Shari'a ta yankinsa a raba, kuma akwai ɗaukaka ƙara har Dutse. Wadda take son sayarwa bayan rabo, ta fara yi wa 'yan'uwa tayi, amma da farashin kasuwa.

Shekarun da na ci ni kaɗai ma sai da aka yi maganarsu. Aka ƙiyasta, aka cire wahalata da kuɗin taki, na biya da buhuna cikin kaka uku.

Ku kuma iyaye da ke raye, akwai gyaran da ku kaɗai za ku iya. Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa ba sa gado in akwai baffanninsu, to a yi musu wasiyya daga sulusi tun da sauran numfashi. In za ka yi wa 'ya'yanka kyauta, ka daidaita. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ba shi kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shaida, ya ƙi, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Yawancin malamai sun so a kyauta a ba mace daidai da namiji. Sai dai a Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiya. "Gonar gabas ta wance ce" da baki, kana ci gaba da nomanta har ka kwanta ciwon ajali, ta koma gado. Bara na auna wa 'ya'yana mata biyu nasu a cikin kasona na fadama, na kira shaidu, na janye shanuna daga ciki. Ƙaramar ta ba ni hayar tata, kuma ranar Lahadin da na dawo daga kasuwar Gujungu da kuɗin albasa ta aiko ɗanta ya tsaya a ƙofar soro har na ƙirga mata.