Yadda ake shafa mai a tsakiyar baya in babu mai shafa miki

Duk wanda ya san sanyin Damagaram ya san abin da nake nufi, daga watan Nuwamba in iskar nan ta juyo da ƙura har cikin Fabrairu fata ba ta da sukuni, leɓe ya fashe, dunduniya ta yi faso, ƙwauri kuwa in kika ja farce sai ki rubuta sunanki a kai a karanta. To hannu da ƙafa da fuska duk masu sauƙi ne ki lakato mai ki murza, amma akwai wani wuri guda tsakanin allunan kafaɗa wanda in kika biyo ta sama hannu ya tsaya, in kika biyo ta ƙasa ma ya tsaya, kuma wallahi nan ne ƙaiƙayi ke tarewa da dare.

Ni abin bai taɓa damuna ba sai bara da na je Birni wajen Innarmu na iske ta tsaye tana goga baya a bakin ƙofar ɗaki. Kafaɗarta ta dama ta ƙage tun damina, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Na ɗaga rigarta, bayan nan ya yi furu-furu duk sawun susa, wani wurin har da jini-jini. Na ce Inna don Allah mi ya hana ki kira ɗaya cikin yaran nan ta shafa miki mai? sai ta ce "ke rabu da ni, yaran da ke sammakon lakwal, kullum safiya sai na tsaya ina bara da bayana?" Daga ranar na fara neman abin da za ta riƙe da hannunta ta yi da kanta, kuma abin da na koya ne zan faɗa muku, har da inda na yi ɓarna.

Akwai na saye, masu ƙera kaya sun daɗe da yin su. Wani sanda ce ta roba mai tsawon kamar santimita 40 zuwa 45 da ɗan faifan soso a kai, wani kanshi juyawa yake kamar abin masu fenti, wani kuma ana buɗe kan a ɗura mai a ciki sai wasu ƴan ƙwallaye su riƙa fito da shi in ana gogawa, sai kuma mai kamar ɗamara da mariƙi biyu. Mai ƙwallayen nan wata ƙawata ta kawo min tsaraba daga Kano, gwanin kyau, na ɗura mishi basilin da safe cikin sanyi ya toshe ƙiri-ƙiri, na yi ta tsokala da tsinke har na gaji. Ashe an yi shi ne don mai mai ruwa-ruwa irin na kwalba da ake matsawa, mu kuwa a nan basilin ne da man kaɗe, su ne ke iya iskarmu. Saboda haka in za ki saya ki fara duba man da ke ɗakinki, in mai kauri ne ki ɗauki mai shafaffen kai ko mai ɗamara, ki bar ƙwallaye.

Amma gaskiya ni wanda na haɗa da hannuna shi ya fi mana aiki, ga yadda ake yi.

Da farko ki nemi koshiya sabuwa ta katako mai dogon hannu, ranar Alhamis in kin shiga kasuwar Dole ba za ki rasa ba wajen masu ludayi da muciya. Ki auna ta da hannunki, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa wato kamu ɗaya, in ta gaza haka ba za ta kai wurin da muke nema ba, in kuma ta yi tsawo da yawa sai ta riƙa lilo ba za ki iya dannawa ba. In kin samu wadda hannunta ya ɗan lanƙwasa ki yi maza ki ɗauka don ita ce ke kwanciya a baya ba sai kin murɗe wuyan hannu ba. Ki shafa ta da tafin hannu ko'ina, in kin ji sartse ko kaifi a baki ki ba kafinta ya goge miki, minti biyu ne, fatar tsoho ba ta son wasa.

Sai ki yanko soson katifa mai tsabta, faɗin tafin hannu, kauri kamar yatsa biyu, in babu soso tsohon zane mai laushi da aka wanke a ninka shi huɗu ya isa. A bayan koshiyar za ki ɗora, gefen da ya yi tudu, ba cikin ramin ba.

To ga inda na fara faɗuwa. Na farkon da na yi haka na bar soson tsirara na ɗaure na kai wa Inna ina ta murna. Kwana uku ta aiko a ce min abin nan naki ya fi ta shan mai. Na je na matsa soson da yatsa sai ga basilin na tsattsafowa, rabin gwangwani yana ciki, bayan Inna kuwa yana nan yadda yake, kuma kafin sati ƙura ta manne mishi ya yi baƙi ya fara wani wari na tsohon mai. Soso aikinshi sha, ba bayarwa ba. Maganin abin leda ce kawai, ki samu farar leda mai tsabta marar rubutu a jiki, irin wadda ake ƙulla ƙanƙara ko sukari, ki lulluɓe soson da ita ki ja ta ta yi sumul babu tattara, sannan ki ɗaure a wuyan koshiyar da roba ko zare mai ƙwari, ƙullin ya koma ta cikin ramin don kada ya karce mutum. Yanzu soso na ba da laushi, leda kuma ba ta shan komi, duk abin da kika ɗora a kai jiki zai tafi. Ki guji leda mai rubutu don mai na narkar da fentin sai ki ga bayan mutum ya yi shuɗi.

Shafawar ita ma da tsarinta. Lokacin da ya fi shi ne da fitowarki daga wanka, cikin ƴan mintocin farko tun jiki na da danshi, ki ɗan dannan tawul kawai kada ki goge ƙarƙaf. Dalili kuwa basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe ta yake don ruwan da ke ciki kada ya tsere, in kika shafa a busasshen baya kin rufe tukunyar da babu komi ne a ciki. Mu da ruwa ke ba mu wuya a garin nan, ɗan abin da mai garuwa ya kawo aka yi wanka da shi ai bai kamata a bar iska ta kwashe a banza ba. Kuma ruwan wankan ya zama mai ɗumi, wanda ake tafasawa har yana tiriri daɗi gare shi da asuba amma shi ke wanke ɗan maiƙon da fata ke yi da kanta, ki fito ki fi da bushewa.

Man kaɗe da sanyi dutse yake zama, kada ki ɗora shi haka a kan leda zai gangaro ƙasa ne ki yi ta nema. Ki murza shi a tafin hannu ya narke ko ki tsoma gwangwanin cikin ragowar ruwan ɗumi kafin ki shiga wanka, kan ki fito ya saki. Ki lakato kamar girman gyaɗa biyu ki baje a kan ledar gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, in ya yi yawa riga ce za ta sha.

Ki zauna, musamman tsofaffi, kada a yi wannan a tsaye cikin makewayi ƙasa jiƙe. Ki riƙe koshiyar da hannun dama ki tsallaka ta kan kafaɗar dama ki sauke ta tsakiyar baya, ki ja sama da ƙasa a hankali sau biyar ko shida kina ɗan matsawa gefe, sai ki sake mai ki koma hannun hagu ki yi haka. Daga nan ki juyo da ita ta ƙasa, hannu a bayan ƙugu kan koshiya na kallon sama, ki tura daga ƙugu zuwa allon kafaɗa. In kin yi daidai inda ta sama ta tsaya nan ta ƙasa za ta tarar. Ba dirza ake ba, in kin ji daɗin susa ya fara janki ki tsaya, don da yawa nan suke mai da abin shafa mai ya koma abin susa su yi wa kansu rauni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai ciwon kafaɗa irin Inna ba za ta iya ɗaga hannu biyu ba, ita da hannun hagu take komi, ta bi ta kan kafaɗar hagu sannan ta zagayo ta gaban wuya ta bi ta kan ta dama, abin da ya rage kuma ɗamara ke ƙarasawa.

Ɗamarar ita ma ba wuya. Ki sayi leda mai kauri irin wadda ake shimfiɗawa kan tebur, a yanka miki tsawon mita ɗaya da ɗan ƙari, faɗi kamar santimita 10, ki kai wa tela ya ninke bakin ya ɗinka mata zane ta baya da mariƙi a kowane kai, ki ja mishi kunne ɗinkin ya kwanta ta gefen zanen. Duk wadda ta iya cuɗa baya da dogon soson raga ta riga ta iya wannan, mai a tsakiya, a wurga ta baya, a ja dama a ja hagu. Amfaninta hannuwa na ƙasa kusa da ƙugu ba sai an ɗaga ba, aibinta kuma ramin tsakiyar baya wani lokaci tana tsallake shi, sai kin ɗan sunkuya kin ƙudundune kafaɗu baya ya yi tudu sannan ta taɓa.

Da ita kuma ake kai wa ƙafa. Mai tsohon ciki da ba ta ganin yatsunta, mai ciwon baya, mai ƙiba, mai ciwon gwiwa, a zauna bakin gado a saƙalo dunduniya da tsakiyar ɗamarar a ja hagu da dama kamar ana goge takalmi, ta bi har ƙwauri. Da dare ya fi, a gama a sa safa a kwanta, kada a taka karo ko siminti mai sulɓi da mai a tafin ƙafa, ni kaina na taɓa zamewa na zauna daɓas kuma ba daɗi. Masu ciwon sukari ku saurara nan, ku shafa sama da ƙasan ƙafa amma ban da tsakanin yatsu, danshi in ya zauna a nan shi ke kawo ruɓewa, kuma ku riƙa ajiye madubi a ƙasa kuna duba tafin ƙafa tunda ciwon na kashe ji, mutum sai ya taka ƙaya bai sani ba. In kun ga tsaga mai zurfi ko gyambo wannan ba na mai ba ne, a tafi likita.

Maza ma ban cire ku ba, gwauraye da ƴan kabu-kabu da iska ke duka yini guda da direbobin hanyar Agadas, koshiya ba ta cin wuri a jaka.

Tsabtarta kuma, ledar koshiya ki kwance ki sake sabuwa duk bayan kwana biyu ko uku, ɗamara a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a shanya ta bushe, a ajiye su cikin jaka ko leda don in kika bar su a fili kafin la'asar ƙura ta yi musu riga. Kowa da nashi, ban da aro, makero da ƙazuwa ta irin wannan hanyar suke yawo. In man zafi za ki shafa na ciwon baya, ko wani magani da aka rubuta miki kika sayo a farmasi, ki sa mishi ledarshi daban ki jefar in kin gama. In kuma an yi sati biyu ana shafa mai ƙaiƙayi bai ragu ba, ko ya fi tsanani da dare kuma duk gidan ana susa, ko ido ya yi ɗorawa, to ba bushewa ba ce a je a duba.

Abu guda na manta, ki ɗaura wa hannun koshiyar jan ƙyalle ko ki yi mata wata alama. Ta Inna a ƙusa take rataye bayan ƙofa, ɗan aikena take ce mata, rannan an kwance leda za a sake sai jikarta ta gan ta tsirara ta ɗauka ta nufi tukunyar miyar kuka da ita, da ƙyar aka tare ta a bakin murhu.