Yadda ake canza sarbo da sandar turi a ƙaramin jirgin rimot

In ka kunna jirginka ka ji sarbo, ɗan injin nan mai motsa fiffike, na ƙara yana rawa shi kaɗai, ko ka taɓa fiffiken da yatsa ka ji ƙas-ƙas kamar wani abu na zamewa a ciki, to haƙoran giyarsa sun cinye, kar ka ce bari na ɗan tashi sau ɗaya tukun. Irin SG90 ɗin nan masu nauyin giram 9 da ke cikin yawancin jiragen fom haƙoransu na roba ne, sauka ɗaya mara kyau ta isa ta karya su. Ni dai a jela na fi son MG90S mai haƙoran ƙarfe, ya ɗan fi nauyi amma yana jure duka.

Kafin komai cire farfela. Wallahi wannan ba abin wasa bane, hannunka na iya bugar totur ba ka sani ba moto ya tashi, farfela kuwa yanka take yi kamar reza. Sannan ka ɗauki hoton cikin jirgin da waya, yadda hannun sarbon yake zaune, ramin da sandar turi ta shiga, wato siririn ƙarfen da ke haɗa sarbo da fiffike, da inda kowace waya ta shiga a risiba, na'urar da ke karɓar saƙon rimot, don anjima sai ka ga ka manta.

Kwance ɗan sukurun da ke tsakiyar hannun sarbo da ƙaramar sukundireba, ka zare hannun, ka ciro wayarsa daga risiba. In da gam aka manne shi a jikin fom, kar ka fizga, fom ɗin zai biyo shi ya bar maka rami. Bi gefe-gefe da siririn reza a hankali, in gam na kyandir ne ɗan ɗigon sifirit na sa ya saki. Dabarata ita ce na ɗaura zare a bakin tsohuwar wayar kafin na jawo ta daga cikin fiffike, zaren ya zauna a ciki, da shi zan jawo sabuwar ba sai na yi ta laluben rami ba.

Yanzu ga inda na fi son ka natsu. Kar ka manne sabon sarbo sai ka tsayar da shi a tsakiya. Jona shi a risiba tukuna, wayarsa uku ce, ruwan ƙasa ko baƙa ita ce nagatib, ja tana tsakiya ita ce wuta, ruwan lemo ko fara ita ce ta sigina, ka duba alamar da ke jikin risiba kar ka juya. A rimot irin FlySky da Futaba canel 1 na eleron ne, wato na fukafukai, 2 elebeta mai ɗaga hanci da sauke shi, 3 totur, 4 roda mai juya jela, amma Spektrum totur ne a na farko, don haka ka bi tsarin naka. Kunna rimot, ka mayar da tirim da sabtirim, saitunan rimot da ke ɗan matsar da tsakiyar sarbo, duk zuwa sifili, totur a ƙasa, sannan ka jona batirin jirgi. Za ka ji sarbon ya yi ɗan motsi ya tsaya, to nan ne tsakiyarsa. Yana nan da wuta a jikinsa za ka ɗora hannun, yadda zai yi kusurwa mai digiri 90 da sandar turi. In bai zauna daidai ba cire ka matsa haƙori ɗaya, in mai kai biyu ne juya ɗaya kan ka gwada, sau da yawa shi yake dacewa. Ka yi amfani da hannun da ya zo a ledar sabon, domin yawan haƙoran ba ɗaya bane tsakanin kamfanoni, tsohon zai iya shiga kamar ya zauna amma yana zamewa in iska ta danno. Ka mayar da sukurun tsakiya nan take.

Wajen mannewa na kan naɗe jikin sarbon da tef ɗin takarda sannan na sa gam a kan tef ɗin, gobe in ya lalace yanka tef kawai zan yi. Sufa gulu na yau da kullum yana narkar da wasu nau'in fom, gwada a guntu tukun. Gam na kyandir kuma yana da sauƙi amma da zafinmu na watan Afrilu in ka bar jirgi a cikin mota a rana zai yi laushi sarbo ya riƙa motsi a mazauninsa, shi ya sa na fi yarda da ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu, ko gam ɗin da aka yi don fom.

Sai sandar turi. In tsohuwar ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa canza ta, miƙe ta da filaya ba ya mayar mata da ƙarfinta. Ka riƙe fiffiken a miƙe daidai da jikin jirgi, da maƙalin shanya ko ɗan tef, ka auna daga ramin hannun sarbo zuwa ramin ƙaho, ɗan robar nan da ke tsaye a jikin fiffiken, ka yi wa ƙarfen sabuwar sandar alama da alƙalamin maka. Kai ɗaya ka lanƙwasa shi siffar Z da filaya ya shiga hannun sarbo, ɗaya kan ka sa kilebis, ɗan maƙalin nan da ake murzawa a ƙara tsawo ko a rage. Murza shi ya shige sosai, ba zagaye biyu ko uku ba, ka yanko ɗan guntun tiyo ka zura a kansa don kar ya buɗe a sama. In sandar doguwa ce tana gantsarewa idan sarbo ya tura, ka manna mata ɗan bututu a tsakiya ta riƙa bi ta ciki.

Zaɓen rami ma da hikima. Ramin waje a hannun sarbo yana ƙara motsi, ramin waje a ƙaho yana rage shi. Ga mai koyo, na ciki ko na tsakiya a sarbo, na waje a ƙaho, jirgin zai fi ladabi kuma sarbon ba zai wahala ba. Ramukan ƙahon su kasance saitin layin hinji, wato mahaɗar da fiffiken ke lanƙwasawa a kai. In ka cire maƙalin shanya ka ga fiffike ya ɗan karkata, da kilebis za ka gyara, sabtirim na ɗan abin da ya rage ne kawai.

Kai sandar rimot ƙarshe kowane gefe ka saurara. In sarbo na kuka a ƙarshen to wani abu ya tokare, rage iyakar motsin a rimot, in ba haka ba zai yi zafi ya ja wuta da yawa har risiba ta ɗauke.

Na ƙarshe shi ne wanda ya taɓa cin min jirgi. Na canza sarbon eleron da na wani kamfani daban, na ga yana motsi na ce shikenan, ashe juyinsa kishiyar tsohon ne. Ina cilla jirgin ya ɗan karkata hagu, na ba shi dama sai ya ƙara kifewa, cikin daƙiƙa uku hancinsa ya nutse a ƙasa, aikin sati biyu ya tafi. Tun ranar na kan tsaya a bayan jirgi na duba ɗaya bayan ɗaya: sandar rimot dama, eleron na dama ya ɗaga na hagu ya sauka, na jawo sanda baya elebeta ta ɗaga sama, na ba roda dama ita rodar ta karkata dama. In ɗaya ya saɓa, shiga rimot ka juya wannan canel ɗin kaɗai ka sake dubawa. Sai ka ɗan jijjiga kowane fiffike da yatsa ka ji babu lako-lako, ka mayar da farfela, a fili kuma ka yi gwajin nisan rimot kafin tashin farko.