Bayan Allurar Faifan Ƙashin Baya: Yadda Ake Jinya da Abin da Za a Sa Rai da Shi

Wanda aka yi wa allurar sinadaran halitta a cikin faifan ƙashin baya, wato matashin nan mai laushi da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, yakan fito daga ɗakin aiki da 'yar filasta a kwankwaso, ya koma gida a ranar, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarta kamar allurar kashe zafi wadda ake jin amfaninta kafin gari ya waye. Ba haka abin yake ba. Abin da ake zubawa cikin faifan ɗayan uku ne a mafi yawan lokuta: ko dai jinin majinyacin da aka ɗiba a hannunsa aka juya a na'ura har aka ware ruwan da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru a cikinsa, wanda likitoci ke kira PRP, ko ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugunsa ta baya aka tace, ko kuma ƙwayoyin halitta na tushe da aka raina a ɗakin bincike daga jikin wani. Ana shigar da allurar ne ana kallon hoton ƙashi a allo, kuma abin da faifan yake iya ɗauka bai cika wuce mililita 1 zuwa 2 ba. Manufar ita ce a lafar da kumburin da ke ciki, a kuma zaburar da faifan ya gyara kansa, kuma wannan aiki ne na watanni.

Dalilin jinkirin yana cikin halittar faifan kansa, kuma wanda ya fahimce shi zai fi iya haƙuri da duk abin da za a faɗa a gaba. Akwai faifai 23 a tsakanin ƙasusuwan gadon baya, kowanne da ciki mai laushi wanda akasarinsa ruwa ne, da zobe mai tauri da ya kewaye shi. Biyun da suka fi lalacewa su ne na can ƙasa, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1 a takardar hoto, domin su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. A jikin baligi, jijiyoyin jini ba sa shiga tsakiyar faifan. Abincinsa da iskarsa tsattsafowa suke yi a hankali ta siririn guringuntsin da ya raba shi da ƙashin sama da na ƙasa. Fata takan haɗe cikin mako biyu saboda jini yana kai mata duk abin da take bukata, amma faifai wuri ne mai ƙarancin iska da sukari, mai kuma tsami, inda ƙwayoyin da aka zuba suke fama kafin su rayu, balle su yi aiki.

A ranar farko, wani ne ya kamata ya tuƙa majinyaci zuwa gida. Kwana biyu zuwa uku na farko ciwon yakan ƙaru, wani lokaci har ya fi wanda ya kai mutum asibiti, kuma yana iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu kafin ya lafa. Wannan ba alamar an yi kuskure ba ce: an tura ruwa cikin wuri matsattse mai tsagu, kuma abin da aka zuba yana tayar da kumburin da ake fatan zai buɗe ƙofar gyara. Saboda haka ne likitoci da yawa suke hana shan magungunan kashe kumburi irin su ibuprofen da diclofenac da naproxen na wasu makonni, su bar mutum da farasitamol, wanda shi ma bai kamata baligi ya wuce giram 4 a rana ba, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin ko maganin tsinka jini kada ya daina, kada kuma ya koma sha bisa ra'ayin kansa. Likitan zuciyar da likitan da ya yi allurar ne za su tsayar da ranar. A bar wurin allurar a bushe, kada a jiƙa shi cikin baho ko wurin iyo sai ramin ya rufe.

Kwanciya dare da rana ba jinya ba ce. Daga rana ta biyu a riƙa takawa a cikin gida minti biyar zuwa goma, sau da yawa a yini, domin matsawa da sakin da tafiya ke yi wa faifan yana taimaka wa ruwa ya shiga ya fita. Wajen tashi daga gado, a lanƙwasa gwiwoyi, a mirgina kan haƙarƙari kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar gungumen itace, a sauke ƙafafu ƙasa, sannan a dogara da gwiwar hannu a miƙe zaune. Kwana biyu kawai ake yi hannu ya saba.

Akwai ciwon da ba a yi masa haƙuri, kuma wajibi ne majinyaci da masu jinyarsa su iya bambanta shi da na farko. Tun da jini ba ya shiga faifan, ƙwayar cuta idan ta bi allura ta shiga ba ta samun mai yaƙarta da sauri. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana bukatar makonni ana shan ko ana ɗura maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci har da tiyata. Alamarsa ita ce ciwon da ya fara sauƙi sannan ya dawo da ƙarfi bayan kwanaki ko makonni, mai hana barci, wanda kwanciya ba ta rage shi, har mutum ya ji ko girgiza gadon aka yi kamar an soke shi. Zazzaɓi da rawar sanyi suna iya biyowa, amma rashinsu ba ya wanke mutum, don haka a kira likitan da ya yi allurar a ranar, a yi gwajin jini na CRP da ESR masu nuna kumburi a jiki, a kuma ɗauki hoton MRI. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko matsematsi da kewayen dubura su mutu har mutum ya daina jin taɓawa, ko ƙafa ta yi rauni tana jan ƙasa. Wannan na nuna an danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma sashen gaggawa ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne.

Daga nan sai batun nauyi, wanda shi ne kan gaba a makonni shida na farko. A 1999, wani mai bincike mai suna Wilke da abokan aikinsa a Jamus sun sanya na'urar awo cikin faifan L4-L5 na wani mutum mai lafiya, suka auna matsin da ke ciki a yanayi daban-daban. Idan aka ɗauki matsin kwanciya rigingine a matsayin ɗaya, tsayuwa ta ninka shi kusan sau 5, sunkuyawa sau 11, ɗaga kilo 20 a sunkuye da baya a tanƙware kuwa sau 23. Da ya lanƙwasa gwiwoyi ya ɗaga kayan, matsin ya tsaya a ninki 17, da ya rungume su a jikinsa kuma ya sauko zuwa 11. Awon mutum ɗaya ne, amma darasinsa a fili yake: a guji haɗa sunkuyawa da murɗa jiki da ɗaukar kaya, idan kuma ɗaukar ta zama dole, a jawo kayan kusa da ciki. Akwai wani abu da ba a cika gaya wa majinyata ba. Faifai yana shan ruwa da dare ya cika ya yi tauri, har mutum yakan fi tsawo da santimita ɗaya ko fiye da safe, saboda haka sunkuyawar sa'a ta farko bayan tashi daga barci ta fi ta yamma wahalar da shi. Wanda zai sa safa ko ya ɗaure takalmi da sassafe, gara ya zauna ya ɗora ƙafar a kan gwiwa. Zama kuma kada ya wuce minti 20 zuwa 30 ba tare da an tashi an ɗan zagaya ba, musamman a mota.

Yawanci tsakanin mako na biyu da na huɗu likita yake miƙa majinyaci ga likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, a fara da motsa tsokokin ciki da na ɗuwawu da na gefen ƙashin baya a kwance, a ƙara tsawon tafiya, daga baya a shigo da keken motsa jiki ko iyo. Aikin ƙarfi da gudu da ɗaga ƙarfe sai wajen wata na uku, kuma mataki-mataki. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne na kwana ɗaya: idan atisaye ya ɗan tayar da ciwo amma kafin washegari ya koma yadda yake, a ci gaba, idan ya wuni ya kwana bai sauka ba, ko ya fara gangarowa ƙafa, an yi gaggawa, a rage. A ganina, wannan sashe na jinyar ya fi ruwan da ke cikin sirinjin tabbas, kuma abin takaici shi ne wanda aka fi watsarwa da zarar an ji dama-dama. Mai shan taba ya sani cewa nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da faifan ya dogara da su, mai ciwon sukari kuma ya kula da awonsa.

Domin sanin ko allurar ta yi amfani, ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce, don ciwon baya yana hawa yana sauka da kansa. A samu ɗan littafi tun kafin allurar, kowane mako a rubuta makin ciwo daga 0 zuwa 10, da minti nawa ake iya zama, da nisan da ake iya takawa, da sau nawa ciwo ya ta da mutum daga barci, da ƙwaya nawa ya sha. Likitoci suna amfani da takardar Oswestry mai tambayoyi goma kan yadda ciwon baya ke hana mutum ayyukansa na yau da kullum, kuma raguwar kashi 30 cikin ɗari ko maki 2 a ma'aunin ciwo shi ake ɗauka sauƙi na gaske. Masu jin sauƙi sukan fara lura da shi tsakanin mako na huɗu da na takwas, ya ci gaba har wata na shida. Kada a ɗora rai a kan hoton MRI, domin sau da yawa faifan yana nan baƙi a hoto yadda yake ko da mutum ya samu sauƙi. Bitar bincike-bincike da wani likita mai suna Brinjikji da abokansa suka wallafa a 2015 ta nuna cewa cikin mutanen da ba sa jin ciwon komai, kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da alamar lalacewar faifai a hoto, 'yan shekara 80 kuwa kashi 96.

Game da shekaru masu zuwa, gaskiyar magana ita ce hujjar tana da rauni kuma ta rabu biyu. Gwajin da likita Tuakli-Wosornu da abokan aikinta suka wallafa a 2016 daga birnin New York, mai mutum 47, ya nuna waɗanda aka yi wa PRP sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi a mako na takwas, kuma sauƙin ya kai shekara guda. Wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2022 bai ga fifikon PRP a kan allurar ruwan gishiri da aka yi wa wasu domin kwatantawa ba bayan shekara ɗaya. Kamfanin Mesoblast na Ostareliya ya gwada ƙwayoyin halitta na tushe a kan mutum 404, kuma sakamakon da ya bayyana a 2021 bai cimma babban ma'aunin da aka gindaya ba, ko da yake an ga raguwar ciwo a wani rukuni har wata 24. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ba ta amince da wani maganin ƙwayoyin tushe domin faifan baya ba. Abin da ya dace a sa rai da shi ke nan raguwar ciwo da dawowar iya aiki ga wasu majinyata, ba sabon faifai ba. Wanda kuma faifansa ya riga ya lotse ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi, damarsa ta fi ƙanƙanta.

A wata na shida a koma wurin likita da littafin nan a hannu. Idan lambobin sun sauka, sai a tsara atisayen da za a dawwama a kansa da lokacin dawowa duba. Idan ba su motsa ba, tambayar farko ita ce ko faifan ne ma tushen ciwon tun asali, domin ƙananan gaɓoɓin bayan ƙashin baya da mahaɗar ƙugu suna ba da ciwo mai kama da nasa. Kafin a yarda da allura ta biyu, a tuna cewa huda faifai ba kyauta ba ne a wurin jiki: binciken likita Carragee na jami'ar Stanford ta Amurka da aka wallafa a 2009 ya bi mutanen da aka huda faifansu domin gwaji har kimanin shekara goma, ya tarar faifan da aka huda sun fi waɗanda ba a taɓa ba saurin lalacewa. Don haka a tambayi likita kai tsaye abin da ya sa yake ganin ta biyu za ta yi abin da ta farko ba ta yi ba, da kuma matakin da zai biyo baya idan ita ma ba ta yi ba, ko ci gaba da fisiyo ne, ko jinyar wata gaɓar daban, ko ganin likitan tiyata.