Idan Wutar Ƙaramin Jirgi Ta Ɗauke a Sararin Jigawa

Wutar jirgi irin Cessna 172 tana iya ɗaukewa gaba ɗaya, injin kuma ya ci gaba da aikinsa. Fulogoginsa ba daga batir suke samun wuta ba, magineto biyu ne, wato ƙananan na'urorin samar da tartsatsi, ke ba su, kuma juyawar injin ce ke juya su. Saboda haka idan ka taso daga Kano za ka Dutse, fitilar ƙarancin wuta ta kama a saman gonakin Gaya, ka riƙe jirginka daidai kafin ka taɓa komai. Jiragen da kwamfuta ke sarrafa injinsu, kamar Diamond DA40 mai injin dizal, nasu daban ne, domin in batiransu suka ƙare injin zai mutu.

Duba amita, agogon da ke nuna ko batir na caji ko yana raguwa. In allurarta ta karkata gefen ragi, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta daina caji, batir kake ci. Yawanci bel ne ya tsinke, ko waya ta kwance, ko na'urar daidaita wuta ta yanke altaneta saboda wutar ta yi yawa. Kashe makunnin rediyoyi, ka duba birekar altaneta (maɓallin da ke fitowa ya yanke wuta in ta yi yawa), in ta fito ka mayar da ita, sannan ka kashe babban makunni ka sake kunnawa yadda littafin jirginka ya tsara. Sau ɗaya ake gwadawa. Birekar da ta sake fitowa tana gaya maka akwai wayar da ke haɗuwa, kuma matsa mata shi ke jawo gobara.

In caji bai dawo ba, kashe ɓangaren altaneta na makunnin, don ita ma tana jan wuta ko ba ta caji. Yanzu batir ya zama ruwan randa a bazara. Ana yawan ƙiyasta masa rabin awa, amma tsohon batir da ya sha zafin Afrilu ba lallai ya kai ba. Kashe fitilun sauka, rediyo na biyu, na'urar tuƙi da kanta, da mai ɗumama bututun auna gudu in ba cikin gajimare kake ba. Bar rediyo ɗaya da tiransfonda, na'urar da ke aika lambar jirginka ga radar masu kula da zirga-zirga. Tun muryarka na fita, kira masu kula da zirga-zirga a Kano: faɗi inda kake, tsayinka, filin da za ka sauka, kuma ka ce rediyonka na iya yin shiru. Magana tana cin batir fiye da sauraro, don haka ka taƙaita. In rediyo ya mutu, sa lambar 7600 a tiransfonda. In akwai haɗari, 7700, kuma mitar neman agaji ita ce 121.5.

Agogon gudu, na tsayi da kamfas ba sa buƙatar wuta. Agogon mai kuwa zai faɗi, sai ka koma lissafi da agogon hannunka. Abin da ya fi ba mu tsoro a wannan yanki shi ne hazon hunturu, lokacin da ƙasa ke ɓacewa kuma ƙauyuka suke kama da juna. Kada ka hau sama da hazon. Kama titin Kano zuwa Maiduguri, ka tabbatar da gadar Wudil, ko ka bi layin dogo na Nguru ta Ringim, ka nufi filin da ya fi kusa.

A filin da ke da hasumiya, ka kula da fitilarta. Kore tsayayye izinin sauka ne, ja tsayayye ka ci gaba da kewaye, ja mai ƙiftawa kada ka sauka. Da rana ka amsa da kaɗa fukafukai. Filaf ɗin yawancin 172, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don sauka a hankali, da wuta yake aiki, ka shirya sauka babu shi, da gudun not (mil ɗin ruwa a awa) 65 zuwa 75, kuma ka san za ka ci titi mai tsawo.

Warin roba mai ƙuna ko hayaƙi daga allon agoguna wata magana ce dabam. Nan babu tattalin batir: kashe babban makunni nan take, rufe kafofin iska da na ɗumama, fesa abin kashe wuta, sai ka tabbata ta mutu sannan ka buɗe iska. Makullin magineto kam ka bar shi a kan biyun, ka sauka a wuri mafi kusa da zai ɗauke ka.