Yadda Ake Gyara Kan Babur Domin Sauƙaƙa wa Baya da Kafaɗu

Tun daga ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta jihar Legas ta haramta acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin a watan Satumba, da yawa daga cikin 'yan uwanmu masu sana'ar sun koma lungunan Agege, Alimosho, Ojo da Ikorodu. Hanyoyin cikin unguwa kuwa cike suke da gargada da ramuka, musamman da damina, kuma kowane rami da tayar gaba ta faɗa, ta kan babur, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, yake bi ya isa wuyan hannu da kafaɗa. Mutumin da yake wuni yana tuƙi ya dawo da ciwon baya ko sanyin yatsu, sau da yawa ba kujera ce matsalarsa ba, zaman kan ne bai dace da tsayinsa ba.

Kafin a taɓa sifana, sai a kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya a wuri mai shimfiɗa, a hau, a ɗora ƙafafu inda suke zama lokacin tafiya, a miƙe baya ba tare da an sanƙare ba. Daga nan a rufe ido a miƙa hannuwa gaba yadda jiki yake so, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake, sannan a buɗe ido a ga inda tafukan suka tsaya. Tazarar da ke tsakaninsu da mariƙin ita ce girman gyaran da ake bukata, kuma yawanci ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku.

Gyaran farko ba ya cin ko kwabo, shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya tafi kasuwa kafin ya gwada shi. A yawancin baburan da ake hawa a nan, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, ƙarfen kan yana da kaurin milimita 22, kuma notuna huɗu ne suke danne shi a tsakiya. A yi alama da fenti ko maka a inda ƙarfen ya haɗu da matsewarsa, domin a san inda aka taso idan gyaran bai yi ba. A shimfiɗa tsumma a kan tanki, a sassauta notunan huɗu kaɗan kawai, gwargwadon yadda kan zai juya da ɗan ƙarfi amma ba zai faɗi da kansa ba. Gajeren mutum zai jawo shi baya zuwa wajen ƙirjinsa, dogo kuma ya tura shi gaba. Abin lura shi ne, ɗan juyin da bai kai a gani a tsakiya ba yakan zama babban motsi a wajen mariƙi, saboda haka a riƙa yi kaɗan-kaɗan ana hawa ana ji. Idan an jawo shi baya fiye da kima, wuyan hannu zai lanƙwashe ƙasa, kuma mariƙin zai riƙa bugun tanki ko gwiwa idan an karya kan gaba ɗaya a cikin cunkoso. Wajen ɗaurewa, a bi notunan a gicciye, kowanne a ba shi kaɗan, har su kama daidai, kuma a tabbata zanen da ke tsakiyar ƙarfen ya zauna daidai tsakanin matsewar biyu, don kada kan ya fi tsawo ta gefe ɗaya. Mai sifanar da take auna ƙarfin ɗauri ya bi adadin da littafin babur ɗinsa ya faɗa.

Da zarar kan ya juya, hannun birki da na kuloci sun juya tare da shi, kuma nan ne mutane da yawa suke tsayawa su ce gyaran bai yi amfani ba. A sassauta notin kowanne, a zauna kamar ana tuƙi, a miƙa yatsu a kansa, a saita shi yadda damtse da bayan hannu da yatsu za su zama a layi ɗaya. Wanda yake kama kuloci sau ɗaruruwa a gosulo da wuyan hannu a ɗage, shi ne yake kwana da zugi. Bayan haka a gyara madubai.

Idan juyawa ba ta isa ba, sai a koma ga ƙarin tsayi, ko dai ta hanyar sa ƙarafunan ɗagawa a ƙarƙashin kan, ko a sayi wani kan mai tudu. Ƙarin milimita 20 zuwa 30 yakan yiwu da keburan da babur ya zo da su, amma abin da ya wuce haka yana bukatar dogayen keburan totur, kuloci da birki, wani lokaci har da ƙarin wayar wuta. Wanda ya sa ƙarafunan ɗagawa ya tabbata ya sami notuna masu tsawon da zai shiga zare sosai. Mai sayen sabon kai kuma ya tafi da tsohon kasuwa ya gwada su gefe da gefe, ya duba kauri da faɗi da yadda ƙarshensa ya karkato baya, ya kuma ɗaga ya ji nauyinsa, domin mai sirirrin bango yakan lanƙwashe a faɗuwar farko. Akwatin makunnin fitila da hon yana da ɗan haƙori a ciki wanda yake shiga wani rami a jikin ƙarfen. A auna a huda wannan rami a sabon kan, kada a fasa haƙorin, domin in babu shi akwatin zai riƙa juyawa a hannu.

Akwai abin da nake gani a wasu garejoji wanda ba na goyon baya ko kaɗan, wato zura bututu a lanƙwasa kan da ƙarfi, ko a kai wa mai walda ya gasa shi ko ya yanka ya ƙara masa tsawo. Ƙarfen da aka gasa ko aka lanƙwasa ya rasa ƙarfinsa, kuma ba ya yin sallama ranar da zai karye. Rage faɗi domin kutsawa tsakanin motocin haya na danfo ma yana da iyaka, saboda gajeren kai yana sa tuƙi ya yi nauyi idan an ɗauki fasinja da kaya. Wanda ya ga dole ne, ya yanke daidai wa daida ta kowane gefe, kada ya wuce santimita ɗaya ko biyu.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda bai kamata a tsallake ba. A tayar da injin a furi, a bar totur, a karya kan zuwa dama har ƙarshe, sannan zuwa hagu. Idan ƙarar injin ta tashi da kanta, kebur ɗin totur ya ɗame, kuma babur zai iya fizgar mai shi a tsakiyar kwana, don haka ba a hawa sai an sake masa hanya ko an canja shi. A murɗa totur a sake shi a ga ya koma da kansa, a tabbata yana da ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6, hannun kuloci kuma milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa, sannan birkin gaba ba ya kama taya idan an juya kan. Daga nan a zagaya cikin layi a hankali ba tare da fasinja ba, kuma bayan aikin kwana biyu a sake bin notunan huɗu da sifana.